Mu Je Birni Mu Ga Kano

Jama'a, kaka ta yi. An yanke gero, an girbe dawa, shinkafa ta shiga buhu. Yanzu ne lokacin da mutanen Rano da Kibiya sukan shirya zuwa birni, wani ya kai kaya, wani ya sayo tufafin iyali, wani kuwa ziyarar dangi.

Bara wani ɗan ajinmu ya tafi Kano, ya kwana biyu ya komo. Muka tambaye shi abin da ya gani. Ya ce, "Wallahi malam, motoci da mutane." Muka ce, ya hau Dala? Ya ce a'a. Ya leƙa Gidan Makama? Ya ce bai san da shi ba. Ashe tun da ya sauka daga mota bai wuce kasuwa da tasha ba, kuɗinsa kuwa duk sun ƙare.

Don haka muka ga ya kamata mu zauna mu bayyana muku abubuwan kallo na birnin Kano, da inda suke, da labarinsu. Da yawa cikinsu akwai hannun kakanninmu a ciki. Waɗansu kuma suna nan suna lalacewa, in ba mu gan su yanzu ba, watakila jikokinmu sai dai su ji labari. Mun raba tafiyar kwana biyu, rana ɗaya a cikin birni, rana ɗaya a waje.

Hanya

Daga Kibiya mota takan biyo ta Rano, ta wuce Bunkure, ta faɗa babban titin Zariya a wajen Karfi. Daga nan sai ta miƙe arewa, ta haye gadar Tamburawa, ta shiga gari ta Na'ibawa. Wanda ya yi sammako, kafin hantsi ya isa. A cikin gari abin hawan talaka shi ne Adaidaita Sahu, domin tun shekarar 1913 da aka kafa Sabon Gari gari yake ta faɗi, ƙafa ba ta iya gama shi, acaɓa kuwa an hana shi ɗaukar mutane a birni tun 2013. Ka faɗa wa mai Adaidaita inda za ka, ku yi ciniki kafin ka shiga.

Ganuwa da ƙofofi

Abu na fari da za mu duba shi ne ganuwa, watau katangar ƙasa da ta kewaye tsohon birni. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta. Ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Sarakunan da suka biyo bayansa suka yi ta faɗaɗa ta. Ba inji aka sa ba. Da kwando da fartanya aka yi aikin, mutanen birni da na ƙauye suna ɗebo ƙasa a ka. Kududdufan da za ku gani a gefenta, galibi ramukan da aka haƙi ƙasar ne.

A da, in magariba ta yi, sai Sarkin Ƙofa ya rufe ƙyaure, ba shiga ba fita sai da safe. Ga sunayen waɗansu ƙofofin: Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Kabuga, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Ɗan Agundi. An rubuta suna a jikin mafi yawansu. Ku tsaya ku karanta, don ƙofofin nan su ne alamun da ake kwatance da su a birni. Wanda ya riƙe sunan ƙofar da ya shigo ta cikinta, da wuya ya ɓace.

Amma kada ku zata za ku tarar da ganuwa a tsaye ko'ina. Ruwan sama ya zaizaye ta, magina sun ɗebi ƙasarta, an kuma yi gidaje da kantuna a kanta. Saura guntaye nan da can. Inda kuka ga guntu a tsaye, ku dubi kaurinsa da kyau.

Dutsen Dala

Daga ƙofa sai mu nufi Dala. A yi wannan da safe, tun rana ba ta yi zafi ba. Mu mutanen Rano mun saba da duwatsu, saboda haka hawansa ba zai ba mu wuya ba, balle ma an yi masa matakala har sama.

Nan ne tushen Kano. Tun kafin a yi sarakuna, maƙera sun zauna a gindinsa suna narka tama suna fid da ƙarfe. Tarihi ya ce a nan Barbushe yake, shugaban masu bautar Tsumburbura. Daga baya Bagauda ya zo ya zama sarkin Kano na fari a shekarar 999.

In ka kai sama, sai ka ga gari ya shimfiɗu ko ta ina, har iyakar ganinka. Ka dubi yamma, ga Goron Dutse. Ka juya kudu, ga ƙubbar Babban Masallaci, kore shar, da hasumiya biyu. In ka yi haƙuri kaɗan za ka ga jirgin sama yana sauka daga arewa. Wanda ya fara da Dala ya ga fasalin garin duka, sauran yawon sai ya zo masa da sauƙi.

Kasuwar Kurmi

Daga Dala a gangaro zuwa Kurmi, ba nisa. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa wannan kasuwa. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ku riƙe sunansa, domin za mu yi ta gamuwa da ayyukansa yau.

A zamanin da, fatake sukan zo Kurmi daga Tarabulus da Agadas da Barno da Gwanja. Suna kawo gishiri da kanwa da goro da alharini da takarda, su sayi baƙin zane da jan fata su koma. Wani Bature matafiyi, mutumin Jamus, mai suna Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kai wa har Tambutu da bakin bahar ta arewa.

Yau manyan 'yan kasuwa sun koma waje, amma Kurmi tana nan da lungunanta. Kowace sana'a da layinta. Ga 'yan sirdi da linzami da kayan doki, ga dukawa, ga masu tasa da tagulla, ga 'yan turare, ga masu littattafai da alluna. Ko ba ka da abin saye, ka bi layin nan a hankali ka ga yadda ake ɗinkin sirdi. Ka gai da mai rumfa kafin ka taɓa kayansa.

Fada da Masallaci

In azahar ta gabato, sai mu nufi Babban Masallaci mu yi salla. Tun zamanin Rumfa akwai masallacin Jumma'a a Kano. A lokacinsa ne babban malamin nan Shehu Magili ya zo, ya rubuta wa sarki nasiha kan yadda ake riƙon jama'a. Tsohon ginin na ƙasa ne. Wannan da muke gani an gina shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe shi a 1951.

Dab da masallaci ga Gidan Rumfa, watau fadar Sarkin Kano. Fiye da shekara 500 ke nan sarakuna suna zaune a cikinsa, na Haɓe da na Fulani. Gari ne guda a cikin gari. Ba a shiga sai da izini, amma kowa yana iya tsayawa a filin Ƙofar Kudu ya dubi soraye, ya ga dogarai da jajayen riguna. In kana son ɗaukar hoto da waya, ka tambayi dogari tukuna.

Gidan Makama

Tsallaken fada kaɗan akwai Gidan Makama. An ce a nan Rumfa ya zauna sa'ad da yake riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon mulki. Yanzu an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Kuɗin shiga kaɗan ne, akwai kuma ma'aikatan da za su zaga da kai.

A ciki za ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi da masu da takubba. Akwai hotunan sarakuna, da na zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Akwai kuma ɗakin amarya irin na da, da jeren ƙwarya da tasoshi. Mata 'yan aji, wannan ɗaki naku ne, ku gwada shi da jeren yanzu.

A ƙarƙashin kowane abu an manna takarda mai bayani. A nan ne wahalar da kuka sha a aji za ta biya ku. Kada ku yi gaggawa, ku haɗa baƙaƙen ɗaya ɗaya. Kafin ku fita kuma ku ɗaga kai ku dubi rufin. Da azara da ƙasa aka ɗaure shi, ba ƙarfe ba siminti, ga shi kuwa ɗakin da sanyi ko da bazara.

Marinar Ƙofar Mata

Da la'asar sai marina. A nan za mu daɗe kaɗan, don wannan sana'a tamu ce. Kun san labarin Hausa Bakwai. An ce da 'ya'yan Bawo suka raba aiki, Katsina da Daura suka zama sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Kano da Rano kuwa sarakunan baba. Har yau Autan Bawo ake yi wa Sarkin Rano kirari. Dattawanmu sun san kufan karofi a garuruwanmu, inda aka daina rini tuntuni. Wanda yake son ganin yadda kakansa ya yi aiki, sai ya zo Ƙofar Mata.

An ce an kafa wannan marina a 1498. Rijiyoyi ne ƙanana, masu zurfi, a jere. Marini yakan cika rijiya da ruwa, ya zuba toka da katsi da busasshen baba, ya bar su kwanaki suna ruɓa, yana motsawa da dogon sanda. In kumfa ta taso, ruwa ya nuna. Sa'an nan ya tsoma farin zane, ya ɗaga shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Ku lura da kyau a nan. Zanen yakan fito kore kore, iska ce take mai da shi shuɗi a gaban idonka. Yawan tsomawa, yawan duhun launi. Mata kuwa su ne masu ƙulla zanen da zare tun a gida. Inda aka ƙulle baba ba ya shiga, in an kwance sai ado ya fito.

Daga nan a kai wa mabuga. Za ka ji amon sandunansu tun daga nesa, suna bugun zane a kan gungume har ya yi ƙyalli. Irin wannan aiki ne ya fid da sunan Kura, maƙwabtanmu, wajen turkuɗin da Buzaye suke naɗawa.

Abin baƙin ciki, rijiyoyi da yawa sun cike da shara. Atamfar kanti da rinin bature sun fi araha, samari kuma sun guje wa sana'ar. Masu yi sun ragu ƙwarai. In da hali, ka sayi ko ɗankwali guda ka kai gida.

Rana ta biyu: waje

Mun ga tsohon birni. Yau sai mu fita waje, inda abubuwan zamani suke.

Mu fara da Gidan Ɗan Hausa a unguwar Nassarawa. Ɗan Hausa laƙabin wani Bature ne mai suna Hanns Vischer, an sa masa shi don ya iya Hausa ƙwarai. Shi ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta fari a ƙasar Arewa, a nan Nassarawa, a 1909. Gidansa na ƙasa yana nan, da zanen magina a bango, an kuma tara kayan al'ada a ciki.

Daga nan sai Gidan Zoo, watau gidan namun daji. Gwamna Audu Bako ne ya kafa shi, aka buɗe a 1972. Mun san wannan suna, domin shi ne ya gina madatsar ruwa ta Tiga a kusa da mu, wadda aka gama a 1974, wadda kuma ruwanta ke shayar da shinkafarmu da rani. A gidan akwai zaki da kura da kada da jimina da birai. Kakanninmu sun ji kukan kura a bayan gari, yaranmu kuwa sai a tatsuniya. Ku kai su su gani. Amma a riƙe hannun yaro, kada ya miƙa shi cikin keji. Ranar Salla wurin yakan cika maƙil, wanda ba ya son turereniya ya zo wata rana.

Kano garin wasa

Kano ta yi suna wajen nishaɗi. An buɗe gidan silima na Rex tun 1937, waɗansu suka biyo baya, irin su Palace da Plaza da El Dorado. Mutane sukan cika su da dare suna kallon finafinan Indiya. Galibinsu sun rufe yanzu, waɗansu an mai da su wani abu dabam.

Finafinan Hausa da kuke kallo a waya, a nan cibiyarsu take. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset. Daga nan sana'ar ta bunƙasa har aka sa mata suna Kannywood. Ofisoshin masu shirya fim da masu waƙa da yawa suna kan titin Gidan Zoo. Sai dai a nan muna da gargaɗi ga samari da 'yan mata. Akwai mayaudara masu cewa, "Kawo kuɗi in sa ka a fim." Kada ka ba kowa kuɗin gumin gonarka don irin wannan alkawari.

Mai son ƙwallo ya tafi filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, gidan Kano Pillars, waɗanda ake yi wa kirari Sai Masu Gida. An kafa ƙungiyar a 1990, ta ci kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Mai son dambe kuwa ya tambayi gidan dambe a Sabon Gari. Da yamma ake yi, ana kaɗa kalangu, 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada suna karawa. Ka biya kuɗin ƙofa ka yi kallo, amma ka nisanci masu caca.

Babban kallo duka shi ne hawan Salla. Ran Salla sarki yakan hau daga Idi. Kashegari Hawan Daushe, sarki ya je gai da mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, ya komo Ƙofar Kudu hakimai su yi jafi. Rana ta uku Hawan Nassarawa, a fita waje har gidan gwamna. Dawaki dubbai, 'yan lifidi, 'yan bindiga, algaita da kakaki. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Kano cikin al'adun da duniya take alfahari da su. Amma akwai shekarun da aka dakatar da shi, kamar 2020 saboda annobar korona. Saboda haka a saurari rediyo kafin a kama hanya.

Abin da ba za mu gani ba

Tsofaffi za su ce maka, "In ka je ka dubo mana dalar gyaɗa." Ba za ka same ta ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya buɗe, manoma suka dukufa noman gyaɗa. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka riƙa sayenta. Akan jera buhuna dubbai a yi tsibi mai tsini kamar dutse, a wajen Ƙofar Mazugal da waɗansu wurare, kafin jirgi ya kwashe zuwa Ikko. Cikin buhunan nan akwai gyaɗar Rano da ta Kibiya. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka karya noman, ƙasa kuma ta koma dogara ga man fetur. Yanzu sai a hoto. Abin da ya sami dalar gyaɗa yana iya samun ganuwa da marina, shi ya sa muka ce a je a gani tun suna nan.

Shawara ga mai tafiya

1. Ka raba kuɗinka kashi uku tun daga gida: na saye, na abinci da kallo, na komowa. Na komowa ka ɓoye shi dabam, kada ka taɓa.
2. Ka gama kallo kafin sayayya. Mai ɗauke da kaya ba ya hawa Dala. In ka tashi saye, tufafi a Kantin Kwari, hatsi a Dawanau, kayan marmari a 'Yan Lemo, kan hanyarmu ta komowa.
3. Ka rubuta sunan mai masaukinka da unguwarsa da lambar wayarsa a takarda, ka sa a aljihu. Yaron da ke tare da kai shi ma a sa masa tasa.
4. In ka rikice, ka tambayi mai rumfa ko dattijo a bakin masallaci. Matambayi ba ya ɓata. Amma wanda ya tare ka a hanya ya ce ya tsinci kuɗi ku raba, ka wuce abinka.
5. A babban titi ka bi ta gadar masu ƙafa in akwai. In babu, ka dubi hagu da dama, ka haye tare da jama'a.
6. Ka koma masauki kafin dare ya yi nisa.

To, jama'a, gani ya kori ji. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa birni bana, muna roƙonsa ya tafi da fensir da 'yar takarda, ya rubuta abu uku da ya gani. In ya komo zai karanta mana a aji. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.

Tambayoyi

1. Wane sarki ne ya fara gina ganuwar Kano?
2. Faɗi ayyuka biyu na Sarki Muhammadu Rumfa.
3. Me ya haɗa Rano da Kano a labarin Hausa Bakwai?
4. Me yake mai da zane shuɗi bayan an fid da shi daga rijiyar baba?
5. Daga 1951 da aka buɗe Babban Masallaci zuwa bana, shekara nawa ke nan?
6. Tambayi wani dattijo a garinku inda karofi yake a da, ka rubuto mana abin da ya faɗa.